Habana mai fuska biyu: me ya sa ake ƙawata wani layi, na bayansa yana ruftawa?

A farkon shekarar 2025 aka buɗe wani otal mai hawa 42 a unguwar Vedado ta birnin Habana, fadar gwamnatin Kyuba. Tsawonsa ya kai kimanin mita 155, ɗakunansa sun kusa 600, kuma duk ƙasar babu ginin da ya kamo ƙafarsa. An buɗe shi ne 'yan watanni bayan wutar lantarki ta ɗauke a tsibirin baki ɗaya a watan Oktoban 2024, a birnin da gidajen kwana ke ruftawa kan mutanen ciki, musamman in an sha ruwan sama. Daga nan muhawara ta sake tashi a kan abin da gwamnati ke ginawa da abin da ta bari.

Mai bibiyar lamarin daga nesa yana da dalilin ruɗewa. Wani matafiyi zai dawo da hotunan dandali fes, gidaje masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa, tagogi masu gilashi kala-kala, ya ce bai taɓa ganin tsohon birnin da aka adana kamar wannan ba. Wani kuma zai dawo da hoton bene mai hawa huɗu da aka tokare barandarsa da katako, bishiya ta tsiro a jikin bangonsa, shanya na kaɗawa a tagar da ba ta da marfi, ya ce birnin ya mutu a tsaye. Babu maƙaryaci a cikinsu. Sau da yawa tsakanin hoton farko da na biyu tafiyar minti biyar ce a ƙafa. Abin tambaya shi ne yadda aka yi abu biyun suka zauna wuri ɗaya, da kuma wanda ke zaɓen gidan da za a ceto.

## Unguwanni da kalmomin da ya kamata a fara sani

Tsohuwar Habana ita ce asalin garin da Sifaniyawa suka kafa a bakin tashar jiragen ruwa a 1519. Faɗin cibiyarta ta tarihi murabba'in kilomita biyu ne da 'yar ɗoriya, amma gine-ginen da ke ciki sun haura 3,000. Ita hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1982, haɗe da sansanonin dutse da ke tsaron bakin teku. Rajistar irin wadda aka yi wa tsohon garin Agadas ce a 2013: wuri ne da mutane ke kwana su tashi a ciki, ba kufai ba. Kuma rajista suna take kawowa da ƙa'idoji, ba ta biyan kuɗin gyaran gidan kowa.

Yamma da ita akwai Habana ta Tsakiya, wadda ta cika da gine-gine a ƙarni na 19 da farkon na 20, musamman bayan an fara rushe ganuwar gari a 1863. Babu gundumar da ta kai ta cunkoso a Kyuba, kuma mafi yawanta tana wajen iyakar da aka shata wa babban aikin gyara. Galibin hotunan gidajen da suka koɗe daga nan ake ɗauko su. Gaba da ita sai Vedado, sannan Miramar, unguwannin masu hannu da shuni. Titin bakin teku da ake kira Malekon, mai tsawon kilomita 8, wanda aka fara ginawa a 1901, shi ya bi ta gaban unguwanni ukun farko.

Mazauna birnin suna da kalmominsu. *Solar* shi ne tsohon gidan attajiri da aka yanyanka ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki iyali guda, famfo da banɗaki kuma na tarayya a tsakar gida. *Barbacoa* shi ne benen katako ko na siminti da iyali ke ƙirƙira a cikin ɗakinsu. Tsofaffin ɗakunan suna da tsawon rufi ƙwarai, don haka sai a raba tsayin biyu, ƙasa ta zama falo da kicin, sama ta zama makwanci. Akwai kuma wata magana da injiniyoyin gini na Kyuba ke amfani da ita, *estática milagrosa*, wato ginin da lissafi ya nuna ya kamata a ce ya faɗi tuntuni, ikon Allah kaɗai ke riƙe da shi.

Sai bambanci tsakanin gyara da kwaskwarima. Gyara na gaske yana taɓa harsashi, azara, rufi da bututun ruwa, ya mai da gini yadda magina na farko suka tsara shi. Kwaskwarima yaɓe ce da fenti a fuskar da ke kallon titi. Baƙon da ke wucewa ba zai iya rarrabe su daga waje ba, mazaunin gidan kuwa yana ganewa da ruwan farko na damina.

## Inda kuɗin ginin ya fito tun asali

Habana ba ta da zinariya. Abin da take da shi tashar jirgi ce mai ƙunƙuntar ƙofa da faffaɗan ciki. Jiragen Sifaniya da suka yi lodin azurfar Meziko da ta Peru a nan suke haɗuwa kafin su tsallaka Tekun Atilantika a ayari ɗaya. Dukiyar da ke kwana a tashar ta jawo mahara: a 1555 wani ɗan fashin teku Bafaranshe ya ƙona garin, abin da ya sa aka gina sansanin Real Fuerza tsakanin 1558 da 1577, daga baya aka ƙara na Moro a bakin mashigar. Duk da haka Ingila ta ci garin a 1762, ta riƙe shi wata goma sha ɗaya, sannan ta mayar da shi ta karɓi Fulorida. Sifaniya na dawowa ta shiga gina katafaren sansanin Kabanya, aka gama a 1774.

Manyan gidajen da baƙi ke ɗauka a hoto kuwa, yawancinsu kuɗin rake ne. Bayan tawayen bayi ya ruguza noman rake a Haiti daga 1791, Kyuba ta gaji kasuwar sukari, aka yi ta jigilar bayi daga ƙasar Yarbawa, yankin Kalaba da Kwango. Ba a soke bauta a tsibirin ba sai a 1886. Tsarin gidan attajiri na wancan zamani yana nuna wannan ƙarara: ƙasa sito ne da shaguna, sama mazaunin maigida da iyalinsa, a tsakani kuma akwai wani gajeren hawa mai ƙarancin iska inda bayi da barori ke kwana.

Bahaushen da ya shiga irin wannan gida zai ga abin da ya saba da shi. Daga titi ana faɗawa cikin wani soro da suke kira *zaguán*, wanda aikinsa na zaure ne, sannan a fita tsakar gida da ɗakuna suka kewaye. Wannan tsari, da rufin katako mai zayyana da ke cikin gidajen da suka fi tsufa, gadon kudancin Sifaniya ne, inda salon ginin Musulmin Andalus ya daɗe bayan mulkinsu ya ƙare.

Ƙarni na 20 ya zo da siminti, ƙarfe da kuɗin Amurka. An gama majalisar Kapitoliyo mai ƙubba a 1929, ginin Bacardi da otal ɗin Nacional a 1930, dogon benen FOCSA a 1956, otal ɗin Hilton a 1958.

## Shekarar 1959: abin da ya tsira da abin da ya fara lalacewa

Baƙi suna yawan cewa lokaci ya tsaya a Habana tun ranar da Fidel Castro ya karɓi mulki. Maganar tana da rabin gaskiya, kuma rabin da ta bari shi ya fi muhimmanci.

Lalacewar tsohon gari ta riga juyin juya hali da nisa. Tun a ƙarni na 19 attajirai suka fara ƙaura zuwa unguwar Cerro, daga baya Vedado da Miramar, suka bar gidajen kakanninsu ana ba da hayarsu ɗaki-ɗaki ga talakawa. A 1952 an fasa tsakiyar Tsohon Dandali, ɗaya daga manyan dandali huɗu na garin, aka gina wurin ajiye motoci a ƙarƙashinsa. A tsakiyar shekarun 1950 kuma gwamnatin Fulgencio Batista ta sa wata tawaga ƙarƙashin mai zanen gine-gine Josep Lluís Sert ta tsara sabon fasalin birnin, wanda ya tanadi ratsa tsohon gari da manyan tituna da kuma gina tsibiri na otal-otal a gaban Malekon. Da an aiwatar da shi, da kaso mai yawa na abin da UNESCO ta yi wa rajista bai kai 1982 ba. Juyin juya hali ya binne wannan tsari, ya kuma dakatar da cinikin filaye da ya rushe tsofaffin unguwanni a birane da dama na Latin Amurka. Ta wannan fuska, ya ceci birnin daga katafila.

Amma dokokin da suka biyo baya sun kwance igiyar da ke ɗaure gida da mai kula da shi. A Maris 1959 an rage kuɗin haya har zuwa rabi. A Oktoba 1960 Dokar Sauya Fasalin Birane ta kawo ƙarshen sana'ar ba da haya, ta buɗe wa 'yan haya hanyar zama masu gida ta biyan kuɗi a hankali. Wannan ya sa mafi yawan 'yan Kyuba a yau suke da takardar mallakar inda suke zaune, kuma tsoron mai gida ya fitar da mutum kan titi ya kau. Sai dai a bene mai iyali ashirin, kowa ya mallaki ɗakinsa, babu wanda ya mallaki rufi, matakala ko bututun da ke cikin bango. Kula da waɗannan ya koma wuyan hukuma, ita kuma ba ta ware musu kuɗin da ya isa ba. Mazauna *solar* da yawa ma ba mallaka aka ba su ba, izinin zama kyauta ne.

A 1968 gwamnati ta karɓe sauran ƙananan sana'o'i masu zaman kansu, sama da 55,000, har da shagunan kayan gini da rumfunan kafintoci. Wanda rufinsa ke yoyo ya rasa inda zai sayi kaya da wanda zai ɗauka aiki ta halal. A lokaci guda manufar gwamnati ita ce a karkatar da jari zuwa karkara da sauran larduna, don rage ratar da ke tsakaninsu da babban birni. Kuɗin gidaje da aka kashe a Habana ya tafi ga sababbin rukunoni a bayan gari, irin su Alamar, wanda ma'aikata suka gina da hannunsu daga 1971. Sayar da gida kuwa haramun ne har zuwa Nuwamba 2011. Kafin nan musaya kawai doka ta yarda da ita. Gidan da ba a iya sayarwa ba shi da farashi, kuma abin da ba shi da farashi da wuya a zuba masa jari.

## Gishiri, tsatsa da nauyin mutane

Ko da dokoki sun bambanta, da teku ta ci gaba da nata aikin. An gina tsofaffin gidajen da wani farin dutse mai ƙofofi da aka sassaƙo daga gaɓar teku, wanda ke shan danshi. Na farkon ƙarni na 20 kuma suna da ƙarfe a cikin siminti. Iska mai gishiri tana shiga ta tsaga, ƙarfen ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin daga ciki. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baranda ce ke fara tafiya, domin ita ke rataye a waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta. Mazauna birnin sun san cewa haɗari ya fi yawa ba lokacin da ruwa ke zuba ba, sai rana ta fito jiƙaƙƙen bango ya fara bushewa.

A kan wannan sai nauyi. Gidan da aka tsara wa iyali ɗaya da barorinsa yanzu yana ɗauke da mutum hamsin ko fiye. Kowace *barbacoa* ƙarin kaya ce a kan azarar da ta shekara ɗari. Tun da ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, kowane iyali ya ɗora tanki a kan rufi ko a cikin ɗaki. Wani ya cire bango don ya faɗaɗa falo, bai san bangon ne ke riƙe da ɗakin maƙwabcinsa na sama ba. Ba ganganci ba ne: alƙaluman gwamnati da kanta sun nuna ƙasar na da giɓin gidaje sama da 800,000, don haka kakanni, 'ya'ya da jikoki a ɗaki ɗaya suke ƙarewa. Guguwar Irma ta 2017, wadda ta turo ruwan teku cikin layukan da ke bayan Malekon, ta ƙara jiƙa harsashin da dama ya gaji.

## Ofishin da ya koyi neman kuɗinsa

Fuskar da aka gyara tana da tarihin da ya rataya ga ofishi ɗaya da mutum ɗaya. An kafa Ofishin Masanin Tarihin Birni a 1938 ƙarƙashin Emilio Roig de Leuchsenring. A 1967 Eusebio Leal, matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai wanda a lokacin ko digiri bai da shi, ya karɓi ragamarsa, ya fara da gyaran fadar gwamnonin Sifaniya da ke Dandalin Makamai. Daga 1981 gwamnati ta fara ware wa aikin kuɗi a tsarin shekara biyar-biyar, amma tafiyar hawainiya ake yi.

Abin da ya sauya komai shi ne talauci. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991, Kyuba ta rasa mai saye mata sukari da mai ba ta man fetur, tattalin arzikinta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Baitulmali ba shi da abin bai wa tsofaffin gine-gine, amma yana matuƙar buƙatar dalar 'yan yawon buɗe ido. A Oktoba 1993 aka fitar da Doka ta 143, wadda ta bai wa ofishin Leal ikon da babu wata hukumar gari da ke da irinsa: ya mallaki gine-gine, ya kafa kamfanoni, ya karɓi haraji daga masu kasuwanci a yankin, ya kashe abin da ya samu a wurin, kuma ya riƙa ba da bahasi kai tsaye ga Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. A 1994 aka kafa kamfanin Habaguanex don gudanar da otal-otal, gidajen abinci da shaguna.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. A gyara wani tsohon gida ya zama otal, ribarsa ta gyara na kusa da shi, shi ma ya fara kawo kuɗi. Abin da ya bambanta wannan da abin da aka yi a wasu biranen tarihi shi ne nacewar Leal cewa kada a kwashe mazauna a bar gari ga baƙi. Wani kaso na kuɗin ya tafi ga gidan kula da masu juna biyu, cibiyar tsofaffi a tsohon gidan ibada na Belén, da azuzuwan firamare da aka buɗe a cikin gidajen tarihi. Wata makarantar koyon sana'a da aka kafa a 1992 da tallafin Sifaniya ta yaye matasa magina, kafintoci, maƙera da masu aikin gilashi, sana'o'in da suka kusa ɓacewa. A 1996 aka rushe wurin ajiye motocin nan na Tsohon Dandali, aka shiga gyara gidajen da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau akwai makarantar firamare a bakin dandalin.

Tsarin ya samu yabo daga ƙwararru na ƙasashe da dama, kuma ya cancanta. Amma yana da iyaka da ke cikin ginin kansa. Kuɗi daga baƙo yake fitowa, saboda haka gyara ya bi sawun baƙo: dandali huɗu, da titunan da suka haɗa su, irin su Obispo, Mercaderes da Oficios. Unguwannin kudancin tsohon gari, inda talakawa suka fi yawa, sun samu kaɗan. Kuma in an gyara *solar* ya koma gidaje masu banɗaki da kicin, ba zai ɗauki duk iyalan da ke ciki a da ba. Wasu sun dawo, wasu an ba su gida a Alamar, nesa da wurin neman abincinsu.

## Sauyin hannu

A 2016 aka cire Habaguanex daga hannun ofishin aka miƙa shi ga GAESA, rukunin kamfanonin sojojin Kyuba. Ofishin ya ci gaba da aikin gyara da na al'adu, amma ba shi ke riƙe da lalitar ba kuma. Shekara guda bayan haka gwamnatin Donald Trump ta haramta wa Amurkawa hulɗar kuɗi da kamfanonin da ke ƙarƙashin sojoji, har da waɗannan otal-otal, sannan a Yuni 2019 ta hana jiragen ruwan shaƙatawa zuwa daga Amurka. An kammala gyaran Kapitoliyo a 2019, daidai bikin cikar birnin shekara 500, Rasha ta taimaka wajen lulluɓe ƙubbarsa da zinariya. Leal ya rasu ranar 31 ga Yuli 2020, annobar korona ta riga ta rufe filayen jirgi.

Baƙin da suka kai kimanin miliyan 4.7 a 2018 sun koma kimanin miliyan 2.2 a 2024. Duk da haka ginin manyan otal bai tsaya ba, kuma salonsu ya sauya daga ƙananan masaukai a tsofaffin gidaje zuwa manyan benaye na alfarma. Dogon otal ɗin Vedado na wannan zubin ne: mallakar ɓangaren GAESA, kuma kamfanin Iberostar na Sifaniya aka bai wa gudanar da shi lokacin da aka buɗe shi a 2025.

## Laifin wa?

Gwamnatin Kyuba tana ɗora nauyin a kan takunkumin Amurka, wanda ya kankama tun 1962. Hujjarta ita ce takunkumin yana tsadar da duk abin da za a shigo da shi, yana toshe hanyar rance, yana tsorata bankuna da masu zuba jari, musamman tun da aka mayar da ƙasar cikin jerin masu ɗaukar nauyin ta'addanci a Janairu 2021. Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya sha kaɗa ƙuri'ar neman a ɗage shi tun 1992. A kan otal-otal kuwa, ta ce su ne hanyar samun kuɗin waje da ake sayen abinci, magani da mai.

Masu suka, ciki har da masana tattalin arziki 'yan Kyuba irin su Pedro Monreal, suna amfani da alƙaluman gwamnatin kanta. A 'yan shekarun nan kusan kashi ɗaya cikin uku na jarin ƙasa yana tafiya ne ga otal-otal da harkokin da suka danganci su, ninkin-ba-ninkin abin da noma ko lafiya ke samu, alhali ɗakunan da ake da su ko kashi 30 cikin 100 ba sa cika. A ganinsu takunkumi na iya bayyana ƙarancin siminti, amma ba ya bayyana inda aka kai ɗan wanda ake da shi. Suna kuma ƙorafin cewa ba a buɗe littattafan GAESA ga jama'a.

Masu zanen gine-gine da masu kare kayan tarihi suna da nasu matsayi, wanda bai faɗa cikin ɗayan biyun ba. Damuwarsu biyu ce: rashin kula na yau da gobe, da kuma abin da zai faru in kuɗi ya shigo a guje ba tare da ƙa'ida ba. Yawancinsu sun soki dogon otal ɗin saboda ya keta yanayin unguwar da ke kewaye da shi, kuma suna tsoron ranar da filin da ke ƙarƙashin tsohon gida zai fi gidan daraja.

In aka auna hujjojin, kowanne ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Takunkumi ya rage girman abin da za a raba. Dokokin mallaka da zaɓin inda za a zuba jari su suka ƙayyade rabon, kuma waɗannan a Habana aka yanke su.

## Abin da ya rage wa mai ɗaki

Tun da aka halatta cinikin gidaje a 2011, gyara ya samu hanya ta biyu, ta aljihun mutum. Wanda ke da ɗan'uwa a Miyami ko Madrid yana samun dalar da zai gyara sashensa, ya buɗe masaukin baƙi ko gidan abinci. Shi ya sa matafiyi ke ganin baranda ɗaya mai sabon fenti da na'urar sanyaya ɗaki a tsakiyar benen da ya yi baƙi ƙirin. Wannan ya ceci gidaje da dama, amma rufi da matakala suna nan ba mai su. Ya kuma fito da wata tsohuwar rata: mafi yawan waɗanda suka yi hijira a zangon farko bayan juyin juya hali farar fata ne, don haka kuɗin aike ya fi zuwa ga danginsu, yayin da baƙar fata suka fi yawa a gidajen *solar*.

Wanda ya dogara da albashin gwamnati, wanda darajarsa a kasuwar bayan fage ba ta kai dala 20 a wata ba, ba shi da wannan hanya. Akwai tallafin kayan gini ga marasa ƙarfi tun 2012, amma sau da yawa takarda na hannu kayan babu a sito. In hukuma ta ce gini ba ya zaunuwa, abin da ake bayarwa shi ne matsugunin wucin gadi a gefen gari, inda iyalai ke shekaru suna jiran gida. Saboda haka mutane da yawa suke zaɓen su zauna ƙarƙashin rufin da aka tokare, kusa da aikinsu da makarantar yaransu. Hijira ta ƙara dagula lissafin: yawan al'ummar ƙasar ya sauko daga sama da miliyan 11 zuwa ƙasa da miliyan 10 a 2024, kuma masu tafiyar galibi matasa ne masu ƙarfin aiki, irin waɗanda aikin gini ke buƙata.

Ranar 27 ga Janairu 2020 wata baranda ta faɗo kan 'yan mata uku 'yan firamare a unguwar Jesús María ta Tsohuwar Habana, duka suka rasu. A Oktoba 2023 wani bene da iyalai fiye da goma ke zaune a ciki ya rufta a titin Lamparilla, mutum uku suka mutu, biyu daga cikinsu ma'aikatan ceto ne da sauran ginin ya danne suna cikin aiki. Gidan yana cikin yankin da UNESCO ta yi wa rajista, kuma daga ƙofarsa zuwa Tsohon Dandali ba a yin tafiyar minti goma.